A gaban wa kake ɗaukarsa? Fashin baƙi kan littattafan da ke ƙin karantuwa

Sau uku ina ɗaukar Ulysses, littafin James Joyce, ina ajiyewa. Na farko ina ɗalibi, na tsince shi wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa a Samaru, bangon ya yage, wani ya yi ta ja masa layi da jan biro har shafi na talatin da wani abu, daga nan kuma sauran shafukan fes kamar ba a taɓa buɗe su ba, wato shi ma mai shi na farko a nan ya miƙa wuya. Na biyu lokacin bautar ƙasa, na ce yanzu ai ga lokaci har ya yi yawa, ashe ba lokacin ne matsalar ba. Na uku bara ne da damina, kuma shi ya jawo wannan rubutun, don ranar na shiga cikin birni gaida kawuna, littafin yana cikin leda ɗaya da lemon da na kai masa, sai ya zaro shi ya auna nauyinsa a hannu ya ce "Wannan fa, ɗan nan?" Na ce "Kawu wani littafin labari ne na Turawa, ya gagare ni wallahi, shekara nawa ina fama da shi." Ko tambayar abin da ke ciki bai yi ba. Cewa ya yi "A gaban wa kake ɗaukarsa?" Na ce ai ba a gaban kowa ba, ni kaɗai nake karantawa a ɗaki. Ya yi dariya har da tari, ya ce "To wa ya gaya maka ana haye irin wannan kogin ba mai fito?"

Tun ranar maganar nan take min yawo a ka, don ta taɓo wani musu da ba ya ƙarewa a majalisarmu ta wajen mai shayi. Ɓangare ɗaya, su suka fi yawa kuma su suka fi ɗaga murya, cewa suke duk littafin da sai ka nemi maganin ciwon kai kafin ka gama babi ɗaya burga ce kawai, marubucin ba shi da labari shi ya sa ya fake da surkulle, in kana da magana ka faɗe ta mana kowa ya ji. Ɗaya ɓangaren mutum biyu ne rak amma sun ishi kowa, su kuma gani suke duk abin da ya karantu cikin sauƙi taunar cingam ce, zaƙi na minti biyar ka tofar. Ni na zauna a kowane ɓangare a lokuta daban-daban shi ya sa nake ganin ina da bakin magana, kuma a ganina duka biyun suna auna abu biyu da mudu ɗaya alhali ba hatsi iri ɗaya ba ne.

Miƙaƙƙen labari, wanda muka tashi da shi, alkawari yake yi maka tun daga farko. Da an ce ga ta nan ga ta nanku ka ce ta zo mu ji ta, an ƙulla yarjejeniya kenan, za a ba ka mutum ko Gizo, za a ba shi buƙata, za a sa masa shinge a gaba, wannan zai jawo wancan, kuma komai daɗewa za a kai ƙurunƙus. Injin da ke jan motar tambaya ɗaya ce, sai me ya faru? Kuma kar wanda ya raina wannan injin. Duba Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi na ɗaya gaba ɗayansa a kan ƙarfin wannan tambayar aka gina shi, aku ne yake riƙe ɗan sarki Musa da labari dare bayan dare don kar ya fita ya faɗa tarkon da waziri ya ɗana masa, wato labari ne ya zama igiyar da aka ɗaure yarima da ita ba tare da an taɓa jikinsa ba. Ƙanwata haka take, ƙarfe biyun dare za ka gan ta a ƙudundune waya saura caji kashi huɗu tana share hawaye saboda wata kishiya da ba a taɓa haifa ba a duniya. Duk mai cewa wannan ba gwaninta ba ce ya gwada riƙe yaro ɗan shekara shida da labari na minti goma ya ga yadda ake ji. Kuma sauƙin karantuwa ba shi ne rashin zurfi ba, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a zama ɗaya ake gama shi, amma uwar nan da ta ratsa hamada tana neman ɗanta, ta sha bauta da wahala, ta gan shi sannan ta cika, ni dai har yau ba ta bar ni ba.

To shi kuma mai wuyar fa, me yake yi? A taƙaice wani sashe na aikin da marubuci ya saba yi maka ne yake miƙo maka ka yi da kanka. Bari in nuna da misalin da na haɗa don magana a iska ba ta shiga. A miƙe za a ce, wani magidanci ya hau keke Napep daga Kwangila zai je PZ karɓo bashin da yake bin abokinsa, matarsa na kwance a asibiti ana neman jini, hankalinsa a tashe. Shi kenan ka fahimta, layi biyu. Amma ga yadda ɗaya salon zai kawo shi: hamsin ya ƙara wai mai ya tashi kullum mai ya tashi, wannan turaren irin na Inna ne ranar da aka kai ta, a'a ba ranar ba ce ranar suna ce, ta ce kar ka ranta wa aboki kuɗi, leda biyu nas ɗin ta ce kafin la'asar, kai yaron nan zai kashe mu a hankali mana, ko na kashe risho, in ya ce min gobe fa, gobe, gobe, takalmin nan ya cinye. Ka lura ba wanda ya gaya maka matarsa ba lafiya, ba wanda ya ce maka Inna ta rasu, kai ne za ka tsinto su daga leda biyu da ranar da aka kai ta. Kuma in ka yi gaskiya ai haka kanka yake aiki in kana cikin damuwa, ba wanda yake tunani da aya da waƙafi. Na farkon ya ba ka labarin mutumin, na biyun ya zaunar da kai cikin kansa, da warin turaren da kuɗin mota da komai. Wannan shi ake kira kwararar tunani, kuma layi biyar yana da daɗi, amma a ba ka shafi ɗari a haka ka ji yadda kai ke hayaƙi.

Ba haka kawai Turawa suka wayi gari suka fara wannan ba. Yaƙin duniya na ɗaya daga 1914 zuwa 1918 ya ci miliyoyin mutane, kuma marubuta da yawa suka ji cewa labari mai tsari wanda komai ke da dalili kuma komai ke warwarewa a ƙarshe ya zama kamar ƙarya a duniyar da suka gani da idonsu. Ga kuma masu nazarin halayyar ɗan Adam suna ta nuna cewa akwai abubuwan da ke tuƙa mutum shi kansa bai san da su ba, ga sinima ta fito ta fara ƙwace aikin nuna abin da ya faru daga hannun littafi, sai marubuci ya ce to bari in shiga inda kyamara ba ta iya shiga. James Joyce ya fitar da Ulysses a 1922, shafi sama da 700, babi 18, kuma duk abin da ke ciki a rana ɗaya ya faru, 16 ga Yuni 1904, a birnin Dablin, wani mai neman tallace-tallace wa jarida ne yake yawonsa, ya je jana'iza, ya ci abinci, ya dawo gida. Kusan kowane babi da nasa salon, wani kamar jarida, wani kamar wasan kwaikwayo, wani tambaya da amsa kamar littafin koyar da yara addini, na ƙarshen kuma tunanin matar mutumin ne tana kwance, jimla takwas ne dogaye na fitar hankali kusan ba aya ba waƙafi. A Amurka kuma William Faulkner a 1929 ya buɗe littafinsa da muryar wani mai taɓin ƙwaƙwalwa ɗan shekara 33 wanda bai san bambancin jiya da shekara ashirin da suka wuce ba, sai ka ga ana cikin magana an tsallaka wani zamani ba sanarwa, don a wajen mai maganar duk lokaci ɗaya ne. A nan wahalar ba ado ba ce, ita ce maganar kanta, in ka gyara ta ka miƙe ta ka kashe mutumin.

Akwai kuma wata wahalar daban wadda ta fi kama da wasa, marubuci ya ɗaure kansa da wata doka da gangan ya ga ko zai iya rawa a ciki. Wani ɗan Ajantina, Julio Cortázar, a 1963 ya yi littafi mai babi 155 wanda sunansa ma 'yar gala-gala yake nufi, ko ka karanta daga babi na 1 zuwa na 56 ka tsaya, ko ka fara daga na 73 ka dinga tsalle-tsalle bisa jadawalin da ya ba ka. Wani Bafaranshe kuma Georges Perec a 1969 ya rubuta littafi mai shafi wajen 300 ba harafin e ko ɗaya a ciki, alhali shi ne harafin da ya fi kowanne yawa a Faransanci, kamar a ce maka rubuta littafin Hausa ba harafin a. Na gwada a zaune, abin da na iya haɗawa kawai shi ne "ku zo mu ci tuwon gero mu yi shiru", daga nan kai ya ɗau zafi. Da farko na ɗauka tsabar rashin aikin yi ne, sai daga baya na san mutumin maraya ne, ubansa ya mutu a yaƙin duniya na biyu, uwarsa Bayahudiya 'yan Nazi suka kwashe ta ba ta dawo ba, kuma littafin a kan ɓacewa yake magana, kowa a ciki yana jin akwai abin da ya ɓata amma ba mai iya kiran sunansa. Nan jikina ya yi sanyi.

To da na ba Kawu labarin wannan Bafaranshen ina jiran ya yi mamaki, sai ya ce "Wannan ai tsohon yayi ne," ya sa aka ɗauko masa Maƙamatul Hariri daga cikin gafaka, irin mai jan takarda ɗin nan da rubutun hannu ya cika gefe-gefensa. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a 1122, maƙama 50 ya yi, wato gajerun labarai na Larabci, wani mayaudari mai zaƙin baki Abu Zaid yana bin gari-gari yana damfarar mutane da fasaha, mai ba da labarin kuma yana ta cin karo da shi. A ciki akwai inda aka jera jimloli waɗanda ko daga dama ka karanto ko daga hagu abu ɗaya za su ba ka, akwai wasiƙar da harafi mai ɗigo da marar ɗigo ke bin juna ɗaya bayan ɗaya, akwai huɗuba sukutum da ba harafi mai ɗigo ko ɗaya a cikinta, ga kacici-kacici na fiƙihu, ga kalmomin da Balarabe kansa sai ya nemi ƙamus. Shekara ɗari takwas da ɗoriya kafin Perec fa kenan. Kuma wannan littafin a zaurukan Zariya ake karanta shi tun kaka da kakanni, a Unguwar Juma, a Kona, a kan buzu da tabarma, ba wanda ya taɓa cewa burga ce. Amma ya ake karanta shi? Nan ne maganar take. Ɗalibi ya karanto 'yan kalmomi, malam ya fassara, ya tsaya ya warware, ya kawo baiti daga wani wuri, sauran da ke zaune suna jiran layinsu su ma suna kwasa, layi biyar ko shida ya ishe ka na yau, gobe ka dawo. Ba mai tunanin zai gama a sati, kuma ba mai jin kunya don bai gane ba, rashin ganewar ai shi ya kawo shi zauren.

Wato mu ba baƙin rubutu mai wuya ba ne sam. Abin da ya faru shi ne wuyar ta zauna a Larabci da waƙa, rubutun zube kuma, wato wanda ba waƙa ba, aka haife shi a aji. Waƙar Tabarkoko ta Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 har Turawa suka cire shi a 1920 suka kai shi Lakwaja, duk wanda ya yi ta a makaranta ya san ba a haɗiye ta lokaci guda, Hausa ce kake ji da kunnenka amma sai an warware maka. Haka waƙoƙin Aƙilu Aliyu, sai ya murɗa kalma ɗaya ta ba ka ma'ana uku. Mu ne masu habaici da zambo da zaurance, mu ne za mu yi magana a gaban mutum a kansa bai sani ba. Amma shi ƙagaggen labari na boko, a nan Zariya aka yanke masa cibiya a 1933 lokacin da Rupert East na Hukumar Talifi ya zagaya garuruwa yana neman malamai su shiga gasar rubuta labari, kuma abin da ake nema a lokacin shi ne abin karantawa ga mutanen da suka koyi boko kwanan nan ba su da abin da za su karanta. Shi kansa East ya rubuta daga baya cewa ya sha wuya kafin ya shawo kan malamai, don gani suke ƙaga labari aikin tatsuniya ne na mata da yara, bai kamaci mai ilimi ba. Littattafai biyar suka fito daga gasar, Ruwan Bagaja, Gandoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi, Jiki Magayi. Wani abin dariya, a wannan shekarar ta 1933 ce wata kotu a Amurka ta yanke hukuncin a bar Ulysses ya shigo ƙasar bayan an daɗe da hana shi, wato lokacin da wasu suka gaji da miƙaƙƙen labari har suna farfasa shi, mu lokacin muke ɗora tubalin farko, to ina dalilin gwada mu da su? Kuma ko a nan ɗin inuwar zaure ba ta ɓace ba, manazarta sun daɗe suna nuna yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja, masu haɗuwa gari-gari suna yi wa juna tsiya, suke da ƙamshin Maƙama, sai dai an cire ƙashin an bar tsoka don yara su iya taunawa.

Daga nan sai kasuwa ta karɓa. Kamfanin Gaskiya a 1945, hukumar adabi ta NORLA, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966, duk a garin nan, kuma babban mai sayen littafi makaranta ce, abin da zai shiga manhaja shi ake bugawa. Da adabin kasuwar Kano ya taso daga tsakiyar shekarun 1980 sai marubuci ya zama shi ke biyan maɗaba'a da kuɗin aljihunsa, in littafi na ɗaya bai tafi ba babu na biyu, to wa zai yi gwaji da jarinsa? Yanzu kuma abin ya koma waya, marubuciya tana sakin labari kashi-kashi a WhatsApp ko Wattpad, ana biyan kuɗi a shiga guruf, kowane kashi dole ya ƙare a inda zai hana ki barci, kuma masu karatu suna nan a kanta, Anti don Allah kar ki kashe shi, Anti yaushe za a ci gaba, Anti wallahi in ya auri waccan na daina karantawa. A irin wannan yanayin in ta ce za ta yi babi guda na tunanin jaruma ba aya ba waƙafi kafin gari ya waye guruf ya watse. Ba rashin basira ba ne, na ga wasu daga cikinsu da ke wasa da waiwaye da sauya mai ba da labari da kyau ƙwarai, tukunyar ce ba ta ɗaukar irin wannan girkin.

Amma fa kar abokaina biyun nan su yi murna, don masu cewa burga ce su ma suna da tasu gaskiyar. An yi wannan faɗan a Najeriya tun tuni, a 1980 Chinweizu da abokan rubutunsa biyu suka fitar da littafi suka yi wa Wole Soyinka da wasu mawaƙa kaca-kaca, cewa suna rubutu mai duhu suna kwaikwayon Turawa alhali adabin bakanmu a fili yake magana. Ban yarda da su duka ba, don wanda ya ce adabin baka duk a fili yake bai taɓa zama an warware masa kirari ko waƙar fada ba. Sai dai ciwon da suka nuna akwai shi, na sha ganin rubutu, musamman waƙoƙin da matasa ke sakawa a Facebook da Turanci har ma da Hausa, an tara kalmomi masu nauyi an jera, ka tono ka tono ba komai a ƙasa, ka tambayi mai shi ya ce ai kowa da yadda zai fahimta. Ƙarya ne, bai san abin da yake son faɗa ba ne kawai. Yadda nake rarrabewa, kuma ban ce dole kowa ya bi ba, in na maimaita shafi sau biyu sau uku, na gasken yana ƙara buɗewa, abin da na ɗauka shirme ne a shafi na 10 sai in ga ashe mabuɗin shafi na 60 ne, na bogin kuwa kullum yana nan inda ka bar shi kamar dutsen da aka shafa wa fenti. Sannan ina tambayar kaina, da an faɗi wannan a miƙe me za a rasa? In ba abin da za a rasa to an wahalar da ni a banza. Imfiraji na Aliyu Namangi, makahon garin nan, ai almajirai da makafi ke rera ta a titi kowa na ganewa, kuma ba wanda zai ce ba ta da zurfi, ya faɗi abin da zai faɗa a sauƙaƙe don abin ya yarda a faɗe shi haka. Wani abin kuma ba ya yarda, kamar kan mutumin nan na cikin keke.

Akwai kuma maganar da ba a son faɗa, littafi mai wuya tsada gare shi ko da kyauta aka ba ka, don yana son natsuwa, natsuwa kuwa ba kowa ke da ita ba. Wanda ya wuni a rana a kasuwar Sabon Gari ya dawo ba wuta, yara na kuka, sauro na kiɗa, in ya ɗauki waya ya karanta labarin da zai ɗauke shi daga nan na awa ɗaya, ni ban isa in ce masa cingam yake tauna ba. Na taɓa gwada yi wa ƙanwata irin wannan iyayin, ta kalle ni ta ce "Yaya, ni na gama littafi goma sha biyu a watan nan, kai naka ɗayan ka kai shafi nawa?" Ban sake ba.

Kuskurena a karo ukun nan shi ne na shiga Ulysses da tambayar sai me ya faru, tambayar da nan ba gidanta ba ne, ina ta sauri in kai inda labarin zai fara alhali ya riga ya fara tun tuni a cikin kawunan mutane, kuma duk inda ban gane ba sai in ji kamar na faɗi jarrabawa in rufe. Ga kuma wahalar da ba ta da alaƙa da salo ma, littafin cike yake da siyasar ƙasar Ailan da ibadar Katolika da waƙoƙin mashaya na zamaninsu, wanda ɗan Dablin zai gane a take kamar yadda Bazazzagi zai gane in an ce Madaka ko Babban Dodo ba sai an yi masa bayani ba, ni kuwa ba yadda za a yi in sani sai an gaya min, kuma neman a gaya maka ba abin kunya ba ne, sharhi ai don haka aka yi shi, rabin littattafan gafakar Kawu sharhin wasu littattafan ne.

Yanzu mu huɗu ne, ran Asabar bayan la'asar, a barandar wani abokinmu a Tudun Wada. Ɗaya ya karanto da ƙarfi, don mun gano abubuwa da yawa sai an ji su da kunne suke warwarewa, ɗaya yana riƙe da waya yana duba sharhi, ni nake fassarawa da Hausa iya yadda na iya, na huɗun aikinsa musu kawai da cin gyaɗa, kuma daga cikin masu cewa burga ce yake, har yanzu bai janye ba amma bai taɓa fashi ba. Shafi biyar muke yi, ran da abin ya yi daɗi bakwai. Akwai babin da muka yi sati uku a kai muka haƙura muka tsallake, wani ma ya ce a mayar wa mai shi kayansa. Mun wuce inda jan biron nan ya tsaya da nisa, muna babi na shida inda ake tafiya maƙabarta a keken doki, mutum huɗu a matse suna gulma suna dariya ƙasa-ƙasa a bayan gawa, shi kuma mutumin namu yana tuna ɗansa da ya mutu yana jariri ba wanda ya sani a cikinsu, kuma ranar ba mu buƙaci sharhi sosai ba don duk mun taɓa shiga irin wannan motar.

Satin da ya wuce na koma gaida Kawu na gaya masa an samu masu fito, ko da yake duk cikinmu ba wanda ya iya ruwa. Ya ce shafi nawa ya rage, na gaya masa, ya ɗan lissafa da yatsu ya ce "Shekara biyu da wani abu kenan, ai ba yawa, ni Maƙama shekara huɗu na yi a gaban malamina kuma sau biyu na maimaita." Sannan ya ce in miƙo masa lemon, kuma in na tashi zuwa wani satin in zo masa da wanda ya fi wannan zaƙi.